Yadda ake gina ƙaton mutum-mutumi da bulon roba ya tsaya da ƙafafunsa

Yaron da ya iya haɗa ɗan mutum-mutumi da bulon roba, wanda bai fi tsawon kwalbar lemo ba, yakan ɗauka abin da ya rage masa ya gina ƙato mai kai wa babban mutum ƙugu shi ne ƙarin bulo kawai. Babba ma yakan faɗa wannan rami. Malamin da ke kula da ƙungiyar kimiyya a wata makaranta a Jimeta ko cikin garin Yola zai samo buhu biyu na bulo, ya ce wa ɗalibai su yi irin na jiya amma a ninka shi. Za a tashi da ƙafafu lafiya lau, a kai ciki, a kai ƙirji, ana ɗora kafaɗa sai gwiwa ta durƙushe. Ko kuwa a gama a tafi gida da murna, a dawo da safe a tarar hannu ya ɓalle da kansa cikin dare ya tarwatse a siminti. Bulon bai yi laifi ba, yaran ma basirarsu ba ta gaza ba. Da zarar tsawon abin ya haura rabin mita, ya fita daga hannun masu wasa ya shiga hannun magina, kuma tambayoyin da ake yi wa katanga da rumbu da ƙarfen tankin ruwa su za a yi masa: ina nauyin yake, ta ina yake sauka ƙasa, me ya ɗaure shi. Duk matakan da ke tafe amsa ce ga waɗannan tambayoyi uku.

Sai a fara da sanin bulon, domin magini ba ya aiki da tubalin da bai san awonsa ba. Kamfanin LEGO, wanda sunansa ya zama sunan duk irin wannan bulo kamar yadda Omo ya zama sunan garin sabulu, wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a garin Billund na ƙasar Denmark a 1932, kuma da katako ya fara. Bulon da muka sani yau, mai 'yan tuddai a sama kamar maɓallan riga da bututu a ciki da ke cafke su, a 1958 aka yi masa rajista, kuma bulon wancan zamani har gobe yana shiga na yau. Daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne. Tsayin bulo ɗaya, ban da maɓallin, milimita 9.6 ne. Akwai kuma siririn bulo, mu kira shi falle, mai kaurin milimita 3.2, wato falle uku su ne bulo guda. Abu na farko da waɗannan lambobi ke gaya maka shi ne gidan bulo ya fi tsayi a kan faɗi, biyar ne a kwance, shida a tsaye. Saboda haka wanda ya zana mutum-mutuminsa a littafin lissafi mai gida-gida, ya ɗauki kowane gida a matsayin maɓalli ɗaya da sahu ɗaya, zai ƙare da dogo siriri wanda ya zarce zanensa da kashi ɗaya cikin biyar. A ja layin takardar da hannu bisa biyar da shida, ko a yi zanen a manhajar Studio ta BrickLink, wadda kyauta ce kuma tana ƙirga maka bulon da ka yi amfani da shi.

Dalilin da ya sa ƙarami ke tsayawa babba ya faɗi kuwa tsohon lissafi ne, tun 1638 Galileo ɗan ƙasar Italiya ya bayyana shi, inda ya nuna abin da ya sa manyan dabbobi ke bukatar ƙashi mai kauri fiye da kima. Ɗauki ɗan mutum-mutumi mai tsawon santimita 25 da nauyin giram 200, ka ce za ka mai da shi mita ɗaya ba tare da canza siffa ba. Tsawo ya ninka huɗu, faɗi huɗu, kauri huɗu, nauyi ke nan ya ninka sau 64, ya doshi kilo 13. Amma tafin ƙafar da zai ɗauki wannan kaya sau 16 kawai ya ƙaru, wato kowane maɓalli a idon sawu an ninka masa kaya sau huɗu. A kafaɗa abin ya fi muni. Hannun ya yi nauyi sau 64, kuma nauyin ya yi nisa da kafaɗa sau huɗu, don haka ƙarfin da ke murɗa gaɓar ya ninka sau 256. Ita kuwa gaɓar roba tana nan yadda take jiya, kamfani bai ƙera mata babbar yaya ba. Duk wanda ya taɓa ɗaga bokitin ruwa kusa da jikinsa, sannan ya gwada miƙe hannu da shi, jikinsa ya riga ya san wannan lissafi.

Maganin abu biyu ne, kuma dukkansu maginan gargajiya sun riga mu sani. Na farko, a bar ciki holoƙo. Rumbun ƙasa yakan fi mutum tsawo amma bangonsa siriri ne, domin da an cika shi da laka da ba shi da amfani, kuma da ya nutse da duwatsun da aka ɗora shi a kai. Idan bangon mutum-mutumin ya tsaya a kaurin maɓalli biyu komai girmansa, nauyin zai bi faɗin fata, ya tashi sau 16 maimakon 64. Na biyu, a san inda bulon ke da ƙarfi da inda yake da rauni. A 2012 injiniyoyin Open University da ke Birtaniya sun matse ƙaramin bulo mai maɓalli huɗu a cikin na'ura, sai da nauyin ya haura kilo 400 kafin ya lotse. Amma wannan bulon, idan aka manna shi da ɗan'uwansa, yaro ɗan shekara biyar zai raba su da farce. Danniya ba ta damunsa, ja da lanƙwasa su ne ajalinsa. Aikin mai gini ke nan daga tushe har ka: ya tsara abin ta yadda kowane nauyi zai danna bulo a kan bulo, inda kuwa ja ya zama dole, kamar hannu mai reto ko ƙirji mai rinjaye gaba, ya sa wani abin da ba maɓalli ba ya ɗauki jan.

Kafin a sayi ko da bulo ɗaya, a zauna a yi ƙidaya. Tsawon mita ɗaya sahu 104 ne. Kafaɗa mai faɗin santimita 40 maɓalli 50 ce. Gefen bulon da aka fi sani, mai maɓalli biyu a faɗi huɗu a tsawo, milimita 32 ne a kwance, 9.6 a tsaye, don haka rufe fata mai faɗin murabba'in mita ɗaya zai ci kusan bulo 3,250. Kowanne yana da nauyin giram biyu da 'yan kai, fatar kaɗai ta haura kilo bakwai ke nan, kafin a sa ƙwarangwal da kwalliya. Wannan adadi ya kamata ya sanyaya wa mai zumuɗi gwiwa, kuma gara ya sanyaya a takarda. Ga ƙungiyar da ba ta taɓa yi ba, santimita 60 zuwa 70 ya isa gwajin farko. A wajen siffa kuma kada a kwaikwayi na finafinai masu siririn ƙugu da faffaɗar kafaɗa, domin waɗancan a allo suke zaune, inda nauyi ba ya aiki. Tafin ƙafar ɗan Adam kusan kashi 15 cikin ɗari ne na tsawonsa, amma mutum yana da jijiyoyin da ke gyara masa tsayuwa ba tare da ya sani ba. Roba ba ta da su. A ba shi tafi mai kai kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa, gajerun ƙafafu masu kauri, da ɗan ƙaramin kai. Abin mamaki, ƙaramin kai shi ke sa ido ya ga abu ƙato.

Samun bulon a Yola shi ne inda haƙuri ke ƙarewa. Shagunan kayan wasan yara na babbar kasuwar Jimeta da manyan kantuna sun fi kawo ƙananan kwalaye, wani lokaci akan dace a wajen 'yan gwanjo, sauran kuwa sai an yi oda daga Legas ko Abuja ko waje ta intanet. Haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare tuntuni, shi ya sa kamfanoni irin su Mega da Sluban da Cobi, da wasu barkatai marasa suna, suke yin bulo mai shiga na LEGO. Wasu za su ce in ba na asali ba kada a taɓa, araha ba ta ado. Wannan magana ta yi tsauri ga aljihun makaranta, kuma ba lallai ba ce, muddin za a gwada. Gwajin mai sauƙi ne. Daga kowane buhu a ɗora bulo goma a kan juna, a jera hasumiyoyin a kan tebur mai santsi, a ɗora rula a samansu, a duƙa a leƙa ko haske na wucewa ta ƙarƙashinta. Bambancin rabin milimita a bulo goma zai zama rabin santimita a sahu ɗari, kuma in ya faɗa a ƙafa ɗaya ka haifi gurgu. Sannan a kama kowace hasumiya ta saman a girgiza: wadda ta riƙe gam ta tafi idon sawu da gwiwa da ƙugu, mai sako-sako ta jira kwalliyar ƙirji. Dokar ita ce duk sahun da aka yi a ƙafar dama da bulon wani buhu, a yi takwaransa na hagu da na wannan buhun. Na gwanjo a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu a shanya a inuwa. Wajen tsincewa kuma a raba bisa siffa, kowace siffa da robarta, domin neman jan bulo a cikin masu siffa ɗaya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman wata 'yar siffa a tsibin jajaye.

Gini daga ƙasa yake farawa, kuma ƙasar a nan faifan katako ne mai kauri daga wajen 'yan katako. Babban faifan roba na LEGO, mai maɓalli 48 ta kowane gefe, faɗinsa santimita 38 da 'yan kai ne, amma siriri ne, yana lanƙwasa, in aka ɗaga shi da kaya a kai sai sahun farko ya fara ɓallewa daga gefe. A manna shi a kan katakon. Ga wanda ya doshi mita ɗaya, a je wajen mai walda ya tsayar da rodi biyu masu kaurin milimita 12 a kan ƙarfe mai faɗi, a ɗaure ƙarfen a katakon da noti, a huda faifan roba rodin ya ɓullo. Ramin da ya kai maɓalli biyu ta kowane gefe milimita 16 ne, rodin zai wuce ta cikinsa sumul, sai a gina kowace ƙafa tana rungume da nata har ƙugu. Akwai masu ganin wannan ha'inci ne, wai abin bulo ya zama bulo zalla. To su dubi abin da masu kamfanin ke yi da kansu. Jirgin yaƙin fim ɗin Star Wars da suka kafa a dandalin Times Square na birnin New York a 2013, mai bulo sama da miliyan biyar da nauyin da ya haura tan 20, a kan ƙwarangwal ɗin ƙarfe ya tsaya, haka ma manyan gine-ginen wuraren shaƙatawarsu na Legoland. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 ya binne azarar giginya a cikin laka don bakan gizo ya tsaya, kuma ba wanda ya taɓa cewa ginin ya fita daga ginin ƙasa saboda haka.

Ko da rodi ko babu, sai an yi ƙwarangwal na roba, kuma a nan ne kayan Technic, waɗanda kamfanin ya fito da su a 1977, suke shigowa: bulo mai huji a gefe, sanduna masu huji, da ƙusoshin roba. Sirrin sana'ar duka yana cikin wani ɗan lissafi. Ɗora bulo mai huji, ka bi shi da falle biyu, ka ɗora wani bulo mai huji. Daga hujin ƙasa zuwa na sama 9.6 ne a tara da 6.4, wato milimita 16 daidai, tazarar huji biyu ke nan. Sai ka tsayar da sanda mai huji a gefensu, ka soka ƙusa a huji na ɗaya da na uku. Yanzu sahun nan duka sun kullu, sai dai ƙusar ta karye, amma ja ba zai raba su ba. A bi wannan tsari daga idon sawu har kafaɗa, sanda tana kama sanda, ta yadda za a iya ɗaga ƙwarangwal ɗin ta wuya bai rabu ba. A kula da launin ƙusa: baƙar ita ce mai riƙewa tamau, ruwan toka mai haske an yi ta ne don ta juya, in ta shiga ƙwarangwal za ka ji yana rawa ka rasa dalili. Sannan a sa sanduna a karkace. Firam mai kusurwa huɗu yana kwantawa gefe in an tura shi, mai kusurwa uku ba ya motsi, shi ya sa duk ƙarfen tankin ruwa da ƙarfen sabis da ka gani daga Jambutu zuwa Bekaji cike yake da sandunan da suka gitta. Awon magina na uku da huɗu da biyar yana aiki a nan, sai dai tazara ake ƙirgawa: sandar da za ta ci tazara biyar tana bukatar huji shida.

Fata kuwa aikin birkila ne tsantsa. Kada bakin bulo ya faɗa a kan bakin na ƙasansa, kowane bulo ya hau biyu, a kusurwa kuma sahu ɗaya ya shigo daga gabas na gaba daga arewa, su sarƙe. Inda tsaga ta miƙe sahu uku a jere, nan bango zai buɗe. Bayan kowane sahu biyar ko shida a gitta dogayen falle daga bango zuwa bango, su kama ƙwarangwal a tsakiya, kamar linta. Kowane sahu a danne shi da tafin hannu ko guntun katako har a daina jin ƙara, domin giɓin da bai fi silin gashi ba a sahu ashirin yakan taru ya karkatar da kafaɗa. A tashi da ƙafafu biyun tare, sahu da sahu, ana ɗora rula a kansu. Ƙugu gada ce a kan ginshiƙai biyu, kuma duk abin da ke sama ta kansa zai bi, saboda haka a yi shi da dogayen bulo masu huji an rufe su da falle sama da ƙasa, bakunansu a sarƙe. Daga nan bango ya riƙa sirancewa, kamar katangar ƙasa mai kauri a gindi: maɓalli huɗu a ƙafa, biyu a ƙirji, ɗaya a kai.

A nan ne ɗalibai za su tayar da ƙura, kuma ƙorafinsu yana da ƙarfi: mutum-mutumin da ba ya lanƙwasa gwiwa ai gunki ne kawai, ina daɗinsa? Amsar tana hannun ƙwararrun kamfanin, waɗanda ke da kowace irin gaɓa a gabansu. Mutum-mutumin Voltron da suka fitar a 2018, mai guda 2,321 da tsawon kusan santimita 40, ƙafafunsa a kafe suke. Hulkbuster na 2022, mai guda 4,049 da tsawon da ya haura rabin mita, shi ma haka. In waɗanda suka ƙera bulon sun haƙura da gwiwa a rabin mita, wanda ke neman mita ɗaya da bulon buhu uku mabambanta ba shi da hujjar dagewa. Amma haƙura da gwiwa ba ya nufin a tsaya ƙiƙam kamar soja a fareti. Ana iya gina ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, a kulle ta da sanda a karkace, ido ya ga motsi alhali ba abin da ke motsawa. Motsi na gaske a kai shi inda kaya ba su da nauyi: wuya, wuyan hannu, yatsu, murfin ƙirji. In an nace sai kafaɗa ta ɗaga, a sa giyar nan mai murɗaɗɗen zare irin na noti, wadda take juya ta gefenta amma nauyi ba ya iya mai da ita baya, kamar jak ɗin mota da ake murɗawa ya tsaya inda aka bar shi.

Hannuwa su zama mafi sauƙin nauyi a jikin, su rataya kusa da haƙarƙari, kuma sandar da ta ɗauke su ta ratsa ƙirji daga kafaɗa zuwa kafaɗa, nauyin dama ya riƙe na hagu kamar mai tallar ruwa da sanda a wuya. In hannu ɗaya zai miƙe da garkuwa ko takobi, a zuba tsofaffin notuna a cikin tafin ƙafa na baya. Kai da hannuwa da ƙirji kowanne a gina shi daban, ya zauna a kan 'yan maɓallai kaɗan ko ƙusa biyu, yadda za a zare shi a mayar. Kafin a fara kwalliya a yi gwaji biyu. A saki igiya mai ɗaure da noti daga tsakiyar ƙirji, a ga ko ta sauka tsakanin tafukan biyu. Sannan a cusa littafin rubutu ɗaya, biyu, uku a ƙarƙashin gefen katakon, ta gaba da baya da kowane gefe, wani yana tsaye da hannu a shirye, ana sauraron inda zai yi ƙara. Inda ya yi ƙara nan ne zai karye, a buɗe a gyara tun yanzu.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, ga gam a kowane shago? Gaskiya ne masu gina na wuraren shaƙatawa suna manne nasu, amma nasu zai shekara goma a waje dubban yara suna taɓawa. A makaranta gam hasara biyu yake jawowa. Yana kashe jarin, domin bulon da ya ci kuɗi masu yawa an so ya yi mutum-mutumi bana, gada baɗi, injin ban ruwa baɗin waccan. Kuma yana rufe kuskure: ƙugun da aka gina ba daidai ba, in an manne shi zai tsaya, ɗalibin kuma ba zai taɓa sanin bai iya ba. Ga shi gam mai kamawa nan take yakan bar farin tabo a jikin roba. Wuri ɗaya aka yarda da shi, tsakanin faifan roba da katako.

Akwai kuma tambayar da ba za a tsallake ba a gari irin Yola, wanda malami Modibbo Adama ya kafa a 1841 kuma har yau ilimin addini ke da daraja a cikinsa: shin wannan bai shiga hukuncin sura ba? Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne hanin ya fi ƙarfi a kan siffar abu mai rai wadda take da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, sannan malamai sun yi rangwame a kan 'yar tsanar yara saboda abin da ya tabbata cewa Nana A'isha ta yi wasa da su. Fatawa aikin malamai ne, kuma makarantar da ta tambayi malamin da iyaye suka yarda da shi kafin ta fara ta huta da surutu daga baya. Ta fuskar gini dai hanyar a buɗe take: abin da ake koyo, wato nauyi da tushe da ƙwarangwal, bai dogara da fuska ba. Ana iya ba shi fitila ɗaya a madadin kai, ko ɗakin direba irin na katafila, da hannun ƙugiya, ya fito a injinsa sak.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne na kuɗi, kuma shi ya fi kowanne gaskiya. Yaran Arewa sun daɗe suna ƙera mota da karan dawa da waya da gwangwanin madara ba tare da an kashe ko kwabo ba, kuma wanda ya iya haɗa motar kara ya san abubuwa game da ƙwarangwal da mai bulo bai sani ba. Bulo bai zo ya kore su ba, gwajin farko na siffar ma ya fi kyau a yi shi da kara da kwali. Abin da bulo ya fi su da shi ɗaya ne, awo. Kara kowanne da kaurinsa, bulo kuwa milimita 8 ne yau da gobe, don haka ana iya lissafi kafin gini, a gina, a ga ko lissafin ya yi gaskiya, a warware a sake. Wannan shi ne abin da ɗalibin injiniya a Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha zai yi da siminti da ƙarfe, inda kuskure ke da tsada. Tunda bulon ba ya ƙarewa, makarantu biyu ko uku za su iya haɗa kuɗi su saya, su riƙa karɓa-karɓa zango-zango.

Saura yanayin gari, wanda littattafan Turawa ba za su gaya maka ba. Kamfanin da kansa ya ce kada ruwan wanke bulo ya wuce digiri 40, a Yola kuwa iskar Maris da Afrilu kan haura haka a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana ko ɗakin kwano marar silin. Zafi yana sa bulo mai araha ya saki, hasken rana kuma yana mai da fari ruwan ɗorawa, saboda haka a ajiye shi nesa da taga. Lokacin hunturu ƙura takan cika tsakanin maɓallai ta shiga haƙoran giya, a lulluɓe shi da tsohon zani, a riƙa share shi da busasshen buroshin fenti. A unguwannin da ke kusa da Binuwai, inda ruwa kan shigo gidaje da damina, kada a bar katakon a ƙasa. Kilo goma in ya faɗo wa ƙaramin yaro ba wasa ba ne, ƙananan guntaye kuma masu rarrafe na kai su baki, don haka a jingina shi da bango a ɗaure ƙugunsa da waya a ƙusa. Ranar da za a kai shi baje koli, ko da daga Jimeta zuwa cikin Yola ne, a zare kai da hannuwa da ƙirji, kowanne a naɗe shi a zani a kwalinsa, mutum biyu su riƙe katakon da ƙafafun a cikin Keke Napep, wani kuma ya sa 'yar leda a aljihu mai baƙaƙen ƙusoshi da 'yan falle na gyara.